Kujerar da kyamara ba ta nunawa: abin da ke faruwa idan masu riƙe da ofishin ƙungiya suka fice

Tambayi duk wani magoyin bayan Manchester United ranar da ƙungiyarsa ta fara sukurkucewa, zai ce maka 8 ga Mayun 2013, ranar da Sir Alex Ferguson ya sanar da cewa zai ajiye aiki. Bai yi ƙarya ba, amma rabin labarin ya faɗa. Wata uku kafin nan, cikin Fabrairu, an fitar da wata sanarwa wadda ko musu ba ta jawo ba a gidajen kallon ƙwallo: David Gill, shugaban gudanarwar ƙungiyar, zai sauka a ƙarshen watan Yuni. Tun 2003 Gill yake kan wannan kujera. Shi ke zama da wakilan 'yan wasa, shi ke kiran shugabannin manyan ƙungiyoyin Turai su ɗauki waya saboda sanayya, shi ya san iya abin da iyalan Glazer, masu ƙungiyar, za su yarda a kashe. Ferguson ya nuna ɗan wasan da yake so, Gill ya je ya ƙulla ciniki. Cikin bazara ɗaya United ta rasa mai nunawa, ta rasa mai ƙullawa.

Masu kallo ba su cika damuwa da irin wannan ficewa ba, kuma ba laifinsu ba ne. Koci ake gani a bakin fili yana ɗaga hannu, shi 'yan jarida ke titsiyewa bayan an tashi wasa, shi ake zagi idan an sha kashi. Daraktan wasanni kuwa, in an nuno shi, daƙiƙa biyu ce yana zaune cikin manyan baƙi da kwat. Amma aikin da ke hannunsa shi ke yanke yadda ƙungiya za ta kasance bayan shekara uku ko biyar. Tunanin koci bai wuce wasan Asabar mai zuwa ba, don ya san wasa biyar marasa kyau sun isa a sallame shi. Na ofis shi ke lissafin cewa mai tsaron baya ya kai shekara 31 kuma babu matashin da ke tasowa a bayansa, cewa ɗan wasan gaba saura shekara biyu kwantiraginsa ya ƙare. Tun bayan hukuncin Bosman da kotun Tarayyar Turai ta yanke a 1995, ɗan wasan da yarjejeniyarsa ta ƙare yana tafiya ne kyauta, kuma idan saura wata shida yana da damar ƙulla magana da ƙungiyar wata ƙasa. Don haka wanda ya yi sakaci da kalanda ya yi asarar miliyoyi ba tare da an zura masa ƙwallo ko ɗaya ba. Ga tsarin albashi, wanda idan aka fasa shi don mutum ɗaya sai sauran su yi layi a ƙofa. Ga masu farautar 'yan wasa a Kudancin Amurka da Afirka. Ga kuma dokokin kuɗi, irin dokar gasar Firimiya da ta hana ƙungiya asarar da ta haura fam miliyan 105 cikin shekara uku, dokar da ta sa aka zaftare wa Everton da Nottingham Forest maki a kakar 2023/24.

Wani ɓangare na wannan aiki yana cikin kwamfuta, ana iya miƙa shi ga magaji. Wani ɓangaren kuwa a cikin kan mutum yake: wane wakili ne maganarsa ɗaya, wane ne ke kai farashinka ga abokin hamayya, wane alkawari aka yi wa ɗan wasa da baki bara. Duk wanda ya taɓa ganin yadda dukiyar babban attajiri ke watsewa bayan rasuwarsa, ba don 'ya'yan ba su da hankali ba sai don basussukan da yake bi da waɗanda ake binsa duk a kansa suke babu littafi, ya fahimci matsalar. Abin tambaya a kowace ƙungiya shi ne: nawa ne daga cikin sanin ke zaune a gidan, nawa ne zai bi mutum ya fita?

A United ta 2013 kusan duka ya fita. Ferguson ya shekara 26 yana riƙe da komai, tun daga makarantar matasa har sayen 'yan wasa, shi ya sa ƙungiyar ba ta taɓa jin buƙatar daraktan wasanni ba. Magajinsa ma shi ya zaɓa. David Moyes da bakinsa ya ba da labarin yadda Ferguson ya kira shi gida ya shaida masa cewa shi ne kocin United na gaba. Aka ba shi kwantiragin shekara shida. Kujerar Gill kuma ta koma hannun Ed Woodward, masanin lissafin kuɗi da ya fito daga bankin JP Morgan, wanda ya taimaka wa iyalan Glazer sayen ƙungiyar a 2005, daga baya ya yi suna wajen jawo kamfanonin talla. A harkar tara kuɗi babu mai raina shi. A kasuwar 'yan wasa kuwa baƙo ne. Sabon koci da bai taɓa riƙe ƙungiya mai wannan girma ba, sabon shugaba da bai taɓa jagorantar cinikin 'yan wasa ba, aka haɗa su rana ɗaya. Sannan Moyes ya ƙara wa miyar gishiri: Mike Phelan, René Meulensteen da mai horar da masu tsaron raga Eric Steele duk suka tafi, ya kawo nasa mutanen daga Everton. Waɗanda suka san yadda ake atisaye a Carrington, filin atisayen ƙungiyar, da yadda ake tafiyar da manyan 'yan wasan su ma babu su. Gaskiya ne Ferguson da Gill sun ci gaba da zama cikin daraktocin ƙungiyar, amma zama a majalisa daban, riƙe wuƙa da nama daban.

A dubi kasuwar wannan bazara da kyau, don a cikinta komai ya bayyana. United ta yi ta zawarcin Cesc Fàbregas a bainar jama'a, bai baro Barcelona ba. Thiago Alcântara, wanda shi ma aka ce tana nema, ya tafi Bayern Munich. Cikin Yuli Woodward ya baro rangadin share fage a Ostareliya, aka ce ya koma ne don wani cinikin gaggawa, magoya baya suka zuba ido, shiru. Sai a daren rufe kasuwa aka sayi Marouane Fellaini daga Everton a kan fam miliyan 27.5. Abin takaicin, a yarjejeniyar Fellaini akwai sharaɗin da ya ba da damar ɗaukarsa a kan fam miliyan 23.5, sharaɗin ya ƙare a ƙarshen Yuli, kuma wanda ya fi kowa sanin haka shi ne Moyes, tunda shi ne kocinsa a Everton. Fam miliyan huɗu ba komai ba ne a aljihun United. Saƙon da ya isa ga sauran ƙungiyoyi da wakilai shi ne babba: waɗannan mutanen ana iya ja musu rai har su biya abin da aka yanka. An daɗe ana cin United da wannan suna. Moyes bai kai wata goma sha ɗaya ba aka kore shi a Afrilun 2014, ƙungiyar da ta lashe gasar da tazarar maki 11 a kakar da ta gabata ta ƙare a mataki na bakwai.

A ganina babban kuskuren ba zaɓen Moyes ba ne. Ana iya kuskuren koci a gyara. Kuskuren shi ne an bar gurbin da ke tsakanin koci da masu ƙungiya babu kowa har kusan shekara takwas, sai a Maris ɗin 2021 aka naɗa John Murtough daraktan ƙwallo na farko. A tsakanin nan Louis van Gaal ya zo ya sayi 'yan wasan da suka dace da salon riƙe ƙwallo, José Mourinho ya zo da nasa tsarin na daban ya sayi nasa, Ole Gunnar Solskjær ya gaji tarkacen biyun ya ƙara nasa. Kowane koci ya tarar da 'yan wasan da aka saya wa wani, a kan albashin da ba mai iya ɗaukarsu. Babu mutum ɗaya a gidan da aikinsa shi ne ya ce: ga irin ƙwallon da muke bugawa, kocin da zai zo shi zai dace da mu.

Liverpool ta fi ban sha'awa, don ita ta ɗanɗana abu biyun. Michael Edwards ya shigo ƙungiyar a 2011 a sashen nazarin alƙaluma, ya zama daraktan wasanni a Nuwamban 2016. Mutum ne da ba ya hira da 'yan jarida, da yawan magoya baya ba za su gane shi a hanya ba. A zamaninsa aka sayar da Philippe Coutinho ga Barcelona a Janairun 2018 kan kuɗin da zai iya kaiwa fam miliyan 142, aka ɗauko Virgil van Dijk kan fam miliyan 75, aka ƙara da Alisson. Mohamed Salah ma, koci Jürgen Klopp ya amsa cewa mutanen ofis ne suka matsa masa kafin ya yarda. Wannan shi ne amfanin samun wanda zai iya ce wa koci a'a.

A kan takarda, shirin gadon da Liverpool ta yi babu aibi. Edwards ya sanar tun Nuwamban 2021 cewa zai tafi a ƙarshen kaka, mataimakinsa Julian Ward ya yi watanni yana karɓar aiki a hankali. Sai ga shi a Nuwamban 2022, wata kaɗan da hawansa, Ward ma ya ce zai tafi. Ian Graham, shugaban sashen bincike, shi ma ya kama hanya. A daidai lokacin masu ƙungiyar, kamfanin FSG na Amurka, hankalinsu ya tafi wajen neman masu saye ko masu zuba jari. An tanadi magaji ɗaya, ba a tanadi magajin magaji ba. Tsakiyar filin da kowa ke gani tana tsufa aka bari, aka ɗauko Arthur Melo aro a ranar rufe kasuwa, wanda kusan bai taka leda ba, ƙungiyar ta ƙare ta biyar a 2023. Aka kawo Jörg Schmadtke daga Jamus a matsayin na wucin gadi. A wannan bazarar Brighton ta amince da tayin Liverpool na fam miliyan 111 kan Moisés Caicedo, ɗan wasan ya ce shi Chelsea yake so, Roméo Lavia ma ya bi shi can. An dai samu Mac Allister, Szoboszlai, Endo da Gravenberch, ba a yi asara ba. Amma akwai aikin da na riƙon ƙwarya ba ya taɓawa, wato sabunta manyan kwantiragi, don ba shi zai zauna ya ga ƙarshensu ba. Shi ya sa Salah, Van Dijk da Trent Alexander-Arnold, ginshiƙai uku, suka shiga shekarar ƙarshe ta yarjejeniyarsu lokaci guda. Biyu sun sabunta a Afrilun 2025. Trent, ɗan gida da ya taso a makarantar ƙungiyar, ya tafi Real Madrid, abin da Liverpool ta samu bai wuce kusan Yuro miliyan 10 ba, shi ma don a sake shi da wuri ya buga gasar ƙungiyoyin duniya. Kujerar da ta yi ta sauya hannu daga 2022 zuwa 2024 ce ta haifar da wannan, sai dai lissafin bai iso ba sai bayan shekara biyu, lokacin da mutane suka manta da sanadin.

Inda Liverpool ta bambanta da United shi ne yadda ta tari tafiyar babban kocinta. Klopp ya shaida wa masu ƙungiyar tun Nuwamban 2023, aka sanar wa duniya ranar 26 ga Janairun 2024. Mataimakansa Pep Lijnders da Peter Krawietz za su bi shi, Schmadtke ma zai tafi. Ramin ya kai na United girma. FSG ba ta fara da neman koci ba, duk da kowa na kiran sunan Xabi Alonso, kocin Bayer Leverkusen a lokacin. Ta fara da sama: a Maris ta dawo da Edwards, wannan karon a matsayin shugaban harkokin ƙwallo na kamfanin baki ɗaya, shi kuma ya ɗauko Richard Hughes daga Bournemouth a matsayin daraktan wasanni. Su ne suka zaɓi Arne Slot na Feyenoord, wanda salon wasansa bai yi nisa da abin da 'yan wasan suka saba ba, kuma aka taƙaita ikonsa ga horarwa, ba a ba shi faɗin ikon da Klopp ya tara a shekarunsa na ƙarshe ba. Federico Chiesa kaɗai ya shigo tawagar a wannan bazara. A Afrilun 2025 suka lashe gasar karo na 20. Ba zan ce tsari ne kaɗai ya ci kofin ba, Klopp ya bar tawaga mai ƙarfi, Salah ya yi kakar da ba a cika gani ba, Manchester City kuma ta yi tuntuɓe. Amma jerin matakan shi ne daidai: a naɗa mai zaɓe kafin a yi zaɓen.

Brighton kuwa ta mayar da ficewar mutane wani ɓangare na sana'arta. Ƙaramar ƙungiya ce, ta san duk wanda ya yi fice a wurinta manya za su zo su ɗauke. Dubi 2022 kaɗai. A Fabrairu daraktanta Dan Ashworth ya ajiye aiki don komawa Newcastle, aka ɗaga mataimakinsa David Weir. A Satumba Chelsea ta ɗauke koci Graham Potter da mutanensa biyar, ta biya diyyar da ta haura fam miliyan 20. Kwana goma tsakani Brighton ta sanar da Roberto De Zerbi. A Nuwamba shugaban sashen ɗaukar 'yan wasa Paul Winstanley shi ma ya bi hanyar Chelsea, aka ɗaga Sam Jewell. Ƙungiyar da aka yi wa wannan kwasa ta ƙare ta shida, ta shiga gasar Turai karon farko a tarihinta. Chelsea da ta kwashe mutanen ta ƙare ta 12, ta kori Potter tun Afrilu.

Dalilin ba boyayye ba ne. Shugaban gudanarwar Brighton, Paul Barber, ya sha faɗa cewa suna ajiye sunayen waɗanda za su iya maye gurbin duk mai riƙe da muhimmin muƙami, tun kafin buƙatar ta taso. Abin da ya fi wannan, hanyar da suke gano 'yan wasa ta dogara ne da alƙaluman mai ƙungiyar, Tony Bloom, wanda ya yi dukiyarsa a lissafin caca. Ma'aikaci na iya tafiya da lambobin wayarsa, ba zai tafi da rumbun alƙaluman ba. Da haka suka sayi Caicedo daga Independiente del Valle ta Ekwado kan kuɗin da bai kai fam miliyan biyar ba, suka sayar wa Chelsea kan fam miliyan 115. Sai dai a nan ma akwai abin lura. Bloom yana nan tun 2009, Barber tun 2012. Duk sauye-sauyen da aka yi, ƙarƙashin mutum biyun nan aka yi su. Ba a taɓa gwada Brighton da tafiyarsu ba, kuma wannan ce jarrabawar da ta kayar da United. Chelsea ta 2022 ta nuna abin da ke faruwa idan saman ne ya yaye: bayan takunkumin da ya tilasta wa Roman Abramovich sayarwa, Bruce Buck, Marina Granovskaia da Petr Čech duk suka fita cikin wata ɗaya, sabon mai ƙungiya Todd Boehly ya naɗa kansa daraktan wasanni na riƙo.

Masu bin gasar Najeriya sun san wani nau'in wannan ciwo. Yawancin ƙungiyoyinmu, har da Kano Pillars, mallakar gwamnatocin jihohi ne, hukumar gudanarwa kuma naɗin siyasa ce. Gwamnati ta sauya, a rushe hukuma, sababbi su zo su fara daga tushe. A irin wannan yanayi maganar tanadin magaji ba ta ma taso ba, tunda wanda ke kan kujera bai san ko zai kai ƙarshen kaka ba.

Akwai wata wahala da ba a cika faɗa ba: tanadin magaji yana buƙatar mai kujera ya yarda a shirya wanda zai gaje shi yana raye yana aiki, kuma ba kowane mai iko ke jure ganin haka ba. Magajin ma ba dutse ba ne, idan ya ƙware ya gaji da jira wata ƙungiya za ta ɗauke shi. Manchester City ta yi nata cikin natsuwa, ta sanar tun Oktoban 2024 cewa daraktan ƙwallonta Txiki Begiristain, wanda ke wurin tun 2012, zai tafi a ƙarshen kaka, ta kuma bayyana Hugo Viana na Sporting a matsayin magaji don su yi aiki tare na ɗan lokaci. Arsenal kuwa ba ta samu wannan sarari ba da daraktan wasanninta Edu ya ajiye aiki a Nuwamban 2024 ana tsakiyar kaka, sai a Maris ta naɗa Andrea Berta, kasuwar Janairu ta wuce ba ta sayi kowa ba alhali tana fama da raunin 'yan gaba.

United ta zo ta gane darasin, sai ta karanta shi a gurguje. Da Sir Jim Ratcliffe ya sayi kusan kashi 28 cikin ɗari na ƙungiyar a farkon 2024 ya karɓi ragamar harkar ƙwallo, sai ya shiga ɗauko manyan sunayen ofis: Omar Berrada daga City, Jason Wilcox daga Southampton, da Dan Ashworth ɗin nan na Brighton, wanda a lokacin yake Newcastle. Newcastle ta tura Ashworth hutun dole tun Fabrairu, irin wanda ake yi wa babban ma'aikaci don sirrin da ke kansa ya tsufa kafin ya isa wurin abokin hamayya. Aka yi wata huɗu ana ja-in-ja kan diyya, bai fara aiki ba sai Yuli. An tara ƙwararru, ba a fayyace wa ke da maganar ƙarshe ba. A wannan bazarar aka tsawaita wa Erik ten Hag kwantiragi bayan ya ci Kofin FA, aka saya masa 'yan wasa na kusan fam miliyan 200, aka kore shi a Oktoba, aka kawo Rúben Amorim mai tsarin 'yan baya uku da tawagar ba a gina ta dominsa ba. Ashworth, wanda aka yi ta jira kamar ruwan farko, ya bar aiki a Disamba bayan wata biyar. Bayanan kuɗin ƙungiyar sun nuna ɗauko shi da sallamarsa sun ci fam miliyan 4.1, a shekarar da aka rage ma'aikata kusan 250 da sunan tsuke bakin aljihu. United ta ƙare wannan kaka a mataki na 15, mafi muni tun da aka fara gasar Firimiya, Ashworth kuma ya koma aiki da hukumar ƙwallon Ingila.